Sauka a otal ɗin bakin teku a Zanzibar: tambayoyi da amsoshi

Wane gefen tsibirin ya kamata a zaɓa?

Wannan ita ce tambayar farko, kafin ma a duba taurarin otal. A Unguja, babban tsibirin Zanzibar da ke Tanzaniya, teku na cika yana janyewa sau biyu a yini. A gefen gabas, wato Paje, Jambiani, Bwejuu da Matemwe, gaɓar a shimfiɗe take, don haka idan ruwa ya ja baya yakan yi nisan ɗaruruwan mitoci. Abin da zai rage gaban ɗakinka shi ne jiƙaƙƙen yashi, duwatsun murjani da gonakin ciyawar teku da matan ƙauyen ke nomawa. Wanda ya biya kuɗi don iyo sai ya jira awanni. A arewa kuwa, Nungwi da Kendwa, ruwan na da zurfi tun daga kusa, ana shiga kusan kowane lokaci, amma akwai cunkoso da kiɗan dare. Mai neman shiru ya nufi gabas, mai yara masu son ruwa ya nufi arewa.

Lokacin cikar ruwa yana ƙara jinkiri da kusan minti 50 kowace rana. Ruwan ya fi cika, ya fi kuma janyewa, a tsayuwar wata da kuma daren sha huɗu zuwa sha biyar, saboda haka kalandar Musulunci ta isa ta nuna maka abin da za ka tarar. Yawancin otal na rubuta jadawalin a allo kusa da wurin karɓar baƙi.

Wane wata ya fi dacewa?

Yuni zuwa Oktoba, lokacin rani da iska mai sanyi daga kudu. Janairu da Fabrairu ma ba ruwan sama sosai, sai dai zafi. Babbar damina Maris zuwa Mayu ce: farashi na faɗuwa, wasu otal ɗin ma rufewa suke yi don gyara. Ƙarshen Disamba ne mafi tsada.

Mene ne bambancin ɗaki mai kallon teku da ɗaki na bakin teku?

Na farko yana iya kasancewa a bene na biyu, can baya, ana hango ruwa ta tsakanin itatuwan kwakwa. Na biyu kana buɗe ƙofa ka taka yashi. Ka nemi a turo maka taswirar otal ɗin da lambar rukunin ɗakin a rubuce kafin ka biya. Ka kuma tambayi nisansa da mashaya da janareta, don su ne ke hana barci. Ɗakuna masu rufin ganyen kwakwa sun fi sanyi da kyan gani, amma ƙwari na shiga, sai an saki gidan sauro tun magariba.

Wane tsarin abinci ya fi riba?

Akwai mai karin kumallo kaɗai, akwai mai kumallo da abincin dare, akwai mai sau uku, sai kuma wanda aka haɗa komai har abin sha. Kaso mai yawa na kuɗin wannan na ƙarshe giya yake biya, don haka wanda ba ya sha yana ɗaukar nauyin wasu ne. Kumallo da abincin dare ya wadatar, tunda da rana yawanci ana waje. Sai dai idan otal ɗin a keɓe yake, ba gidan abinci kusa, nan gara mai sau uku.

Mafi yawan mutanen Zanzibar Musulmi ne, kifi da shinkafa da romon kwakwa kuma ba sa yankewa. Duk da haka manyan otal masu baƙin Turai sukan ajiye naman alade a teburin kumallo, wasu miyar kuma da giya ake haɗa su. A tambayi mai dafa abinci. Alƙibla kuma a can arewa take, ba gabas ba, domin Makka kusan saitin tsibirin take daga sama a taswira.

Waɗanne kuɗi ne ba sa cikin farashin da aka gani a intanet?

Harajin kwana na gwamnati, 'yan daloli kan kowane mutum kowane dare, wanda sau da yawa a otal ake karɓa. Sai motar filin jirgi: Nungwi kusan kilomita 60 ne daga birnin Zanzibar, tafiyar awa ɗaya da rabi. Tun Oktoban 2024 kuma wajibi ne baƙo ya sayi inshorar Zanzibar ta dala 44, ko da yana da wata. Ana yawan ƙin karɓar takardun dala da aka buga kafin 2009. Masu fasfon Najeriya da Nijar sai sun nemi biza tun daga gida, da wuri, su kuma riƙe katin rigakafin shawara.

Me ke ɓata wa mutane hutu?

Bushiyar teku ce kan gaba, wata baƙar halitta mai dogayen ƙayoyi da ke laɓewa tsakanin duwatsu. Kada a taka wajen murjani ba takalmin roba. Idan ta soki mutum, a tsoma ƙafar cikin ruwan zafi daidai jurewa, a zare ƙayar da ta fito da hantsaki, wadda ta nutse a bar wa likita, don tono ta yana farfasa ta ne. Haɗari na biyu shi ne bin ruwa can nesa lokacin da ya janye: yana dawowa da sauri, ya fara cike kwaruruwan da ke bayanka. A juyo da zarar ya fara motsi.

Rana ma tana ƙona baƙar fata, musamman kafaɗa da hanci, a shafa man kariya duk bayan awa biyu. Ruwan famfo na wanka ne kawai, a wasu wuraren ma da ɗan gishiri.

Samarin da ke tallar yawon kwale-kwale a bakin ruwa fa?

Farashinsu ya fi na otal sauƙi, kuma ana ciniki. Kada a biya duka tun kafin tafiya, a ba da kafin alƙalami kaɗan, sauran bayan an dawo. Kafin a hau, a ƙirga rigunan ceto da ido, har da na yara.