Suma, dogon suma da yanke jiki: kalma ɗaya, kaya uku

Da zarar zafin bazara ya kankama a Kaduna, da wuya a wuni ba a ji kalmar suma a rediyo ko a gan ta a Facebook ba: ɗaliba ta suma a taron safe na makaranta, dattijo ya suma a layin banki, wani babba ya suma a gaban alƙali. Ba sai an koya wa Bahaushe mene ne suma ba. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda aka mayar da kalmar buhun da ake zuba kowace irin faɗuwa a ciki, tun daga ta wanda ƙishirwa ta kayar har zuwa ta wanda zuciyarsa ta tsaya.

Suma na ainihi gajere ne. Jinin da ke isa ƙwaƙwalwa ne yake raguwa na ɗan lokaci, saboda zafi ko yunwa ko doguwar tsayuwa ko firgici, sai mutum ya ji jiri, zufa ta karyo masa, ganinsa ya dushe, ya faɗi. Da zarar ya kwanta jini ya koma kai, yakan farfaɗo da kansa cikin daƙiƙu, ko minti ɗaya zuwa biyu. Likitoci suna kiran wannan da kalmar Girkanci syncope, wadda asalinta yankewa ne, kuma abin sha'awa shi ne mu ma "ya yanke jiki ya faɗi" muke cewa, ba tare da mun ara daga kowa ba. Sai dai yanke jiki yana bayyana abin da ido ya gani ne kawai, bai faɗi dalili ba, shi ya sa nake ganin ya fi dacewa da bakin mai labarin da bai san abin da ya kayar da mutum ba.

Kowane harshe da inda ya kama abin. Bayarabe yana cewa dákú, kuma a cikinta akwai kú, wato mutuwa, kusan yadda muke kiran barci ƙanin mutuwa. Bafaranshe yana cewa s'évanouir, wato ɓacewa. Balarabe kuwa cewa yake ugmiya alaihi ko gushiya alaihi, wato an lulluɓe shi, kamar wani abu ne ya zo ya rufe mutum ba da zaɓinsa ba, kuma daga tushen ta biyun ne aka sami sunan Suratul Gashiya.

Ta Ingilishi ce ta fi ba ni dariya. Kalmar faint ta fito ne daga tsohon Faransanci, daga aikatau feindre, wanda ma'anarsa yin kamar, wato nuna abin da ba shi ne a zuci ba. Da farko ana jifan rago da matsoraci da ita, mai noƙewa idan aiki ya zo, daga baya ta koma mai rauni, a ƙarshe ta zama wanda ya faɗi ba ya cikin hayyacinsa. Ke nan zargin ƙarya yana kwance a cikin kalmar tun ɗaruruwan shekaru kafin a haifi 'yan siyasarmu. Duk wanda ya kalli zaman kwamitin Majalisar Wakilai na watan Yulin 2020, inda muƙaddashin shugaban hukumar raya yankin Neja Delta, Kemebradikumo Pondei, ya kife a kujerarsa ana tsakiyar yi masa tambayoyi kan kuɗin hukumar, ya san irin gardamar da ta biyo baya a majalisun shayi. Ni ba likita ba ne, kuma ba zan yanke wa kowa hukunci daga allon talabijin ba. Amma tun daga lokacin, da an ce wani babba ya suma sai a yi murmushi, kuma wannan murmushin ya fara bin talakan da ya faɗi da gaske a Kasuwar Barci.

Ga kuma "dogon suma", wanda aka ƙirƙira domin fassara coma. Ita ma coma Girkanci ce, ma'anarta barci mai nauyi, Larabawa kuma suna cewa gaibuba, daga tushen gaibu da muka sani. Fassarar ta zauna a baki, amma tana yaudara, domin tana sa mai sauraro ya ɗauka suman da ya sani ne ya ɗan ƙara tsawo, alhali hali ne na dabam wanda ƙwaƙwalwa ta sami mummunar illa, mutum ba ya farkawa ko an kira shi ko an mintsine shi. Tun 1974 likitoci ke auna zurfinsa da ma'aunin Glasgow, daga maki 3 zuwa 15. Masu cewa "doguwar suma" kuwa su lura, a kunnen wanzami gashi suke nufi, kamar yadda masu haɗe "su ma" a rubutu suke sumar da jama'a ba su sani ba.

Malaman fiƙihu sun fi mu tsantseni a nan. Sun tara barci mai nauyi da suma da maye da hauka a ƙarƙashin gushewar hankali mai warware alwala, amma kowanne da sunansa da hukuncinsa. A mazhabar Malikiyya, wanda ya suma har lokacin salla ya fita ba ya rama ta, shi kuwa mai barci sai ya rama.

Inda rikicin ya fi tsada shi ne a kan titi. Ranar 12 ga Yunin 2021, lokacin da ɗan ƙwallon Denmak Christian Eriksen ya faɗi a wasansu da Finlan, "ya suma" aka riƙa cewa a gidajen kallo, alhali zuciyarsa ce ta tsaya, kuma danna ƙirji da na'urar girgiza zuciya ne suka zama sanadin dawowarsa. Da a bakin Kawo ya faɗi, da an zagaye shi ana fifita, ana yayyafa masa ruwa, wani na ƙoƙarin ɗura masa ruwan leda, wani na neman cokali don ya zaci farfaɗiya ce, kowa na jiran ya farfaɗo, tunda suma aka ce ya yi.