Yadda ƙarin daji ke ɓoye kansa daga garkuwar jiki

Tun farko, ta yaya garkuwar jiki ke gane ƙwayar da ta lalace?

Kusan kowace ƙwayar halitta a jikinmu tana baje abin da ke cikinta a fili. Tana daddatsa furotin ɗinta gutsi-gutsi, kowane gutsure kamar amino asid (tubalan ginin furotin) 8 zuwa 10. Wata mashiga mai suna TAP ce ke kai gutsattsarin inda ake ɗora su kan wani faranti da ake kira MHC-I, sannan a fito da farantin saman ƙwayar. Ƙwayoyin T masu kisa, mayaƙan garkuwar jiki, suna zagayawa suna dubawa, da zarar sun ga baƙon gutsure sai su hallaka mai shi. Gano cewa ƙwayoyin T ba sa gani sai ta kan wannan faranti ya ba Peter Doherty da Rolf Zinkernagel kyautar Nobel a 1996.

To ina ƙarin ke kawo cikas?

Ko'ina a kan wannan hanya. Wani ya toshe TAP, farantin ya rasa abin ɗauka. Wani ya lalata B2M, ƙaramin furotin da ke tokare farantin. In babu shi, MHC-I ba ya isa saman ƙwayar sam. Ba wayo ƙarin ke yi ba. Garkuwar jiki tana kashe waɗanda take gani, marasa faranti su tsira su hayayyafa. A 2016 an ga haka ido da ido: masu sankarar fata da suka samu sauƙi da pembrolizumab, maganin da ke zaburar da ƙwayoyin T, cutar ta dawo musu, aka tarar B2M ta lalace a ƙarin ɗaya daga cikinsu, JAK1 ko JAK2 (furotin masu isar da saƙon garkuwar jiki cikin ƙwaya) a wasu. Wannan ne ya fi tsaya mini a rai, domin maganin ya zaburar da mayaƙan, amma abokin gaba ya riga ya ɓace musu.

Ke nan babu mai kama shi?

Akwai ƙwayoyin NK, wasu mayaƙan garkuwar jiki na daban. Su rashin farantin ne ke tada musu hankali. Sai dai wasu ƙari suna barin wani nau'in faranti mai suna HLA-E a samansu, wanda ke sa NK su ja da baya.

Ana iya maido da farantin?

Ya danganta. In rufe ƙwayar gadon da ke samar da shi aka yi kawai, intaferon-gama, wani sinadarin garkuwar jiki, kan iya farfaɗo da ita. In ta goge ko ta lalace, sai a nemi hanyar da ba ta buƙatar MHC-I, irin CAR-T, ƙwayoyin T da aka gyara a ɗakin gwaji, waɗanda ke kama alama kai tsaye a jikin ƙwayar dajin.