Digirin Jamusanci da Sifaniyanci Daga Gida: Tambayoyi da Amsoshi

Akwai jami'o'in da mutum zai yi digiri a harsuna biyu na Turai ba tare da ya taka aji ba. Misalin da zan riƙe a nan shi ne Open University ta Birtaniya, wadda aka kafa a 1969, mai hedikwata a garin Milton Keynes. Tana cikin waɗanda suka daɗe a fagen karatu daga nesa, kuma digirinta na harsuna yana ba ɗalibi damar haɗa Jamusanci da Sifaniyanci wuri guda.

Yaya tsarin karatun yake?

Digirin yana da maki 360, wato ma'aunin yawan darussan da za a ɗauka, an kasa shi hawa uku, kowane hawa maki 120. Mai yin karatun zalla yakan gama a shekara uku. Mai haɗawa da aiki ko kasuwa, wanda su ne suka fi yawa, yakan ɗauki maki 60 a shekara, ya gama a shekara shida, kuma jami'ar tana ƙiyasta masa awa 16 zuwa 18 a mako. A lissafa da kyau: kusan awa biyu da rabi ke nan kullum, har da ranar biki da ranar da aka tashi da mura.

Darussa suna zuwa ta intanet da littattafai, akwai sautuka da bidiyo. Kowane ɗalibi yana da malamin da ke duba aikinsa ya mayar masa da gyara. Wani aikin rubutu ne, wani kuma ɗalibi zai naɗi muryarsa yana magana ya tura. Bayanin darasi a hawan farko da Ingilishi ake yi, don haka wanda Ingilishinsa bai zauna ba zai sha wahala kafin ma ya kai ga Jamusancin.

Wanda bai san ko gaisuwa ba zai iya farawa?

Zai iya. Akwai kwasa-kwasan 'yan koyo, kuma jami'ar ba ta neman wata takardar share fage a yawancin digirorinta na farko. Ana auna ci gaba da ma'aunin harsuna na Turai mai matakai shida, daga A1 zuwa C2. Hawan ƙarshe na digirin yana nufin kai ɗalibi C1, matakin da mutum zai karanta jarida, ya yi muhawara, ya rubuta muƙala.

Shawarata ga wanda bai san ko ɗaya ba: kada ya fara su a wata guda. Ya ba ɗaya shekara ya kafu tukuna. Taura biyu ba ta taunuwa a nan, musamman ga mai iyali.

Wanne ya fi wuya ga Bahaushe?

Jamusanci, ba tantama. Cibiyar da ke horar da jami'an diflomasiyyar Amurka ta taɓa ƙiyasta awa 600 zuwa 750 na aji ga Sifaniyanci, Jamusanci kuwa kusan awa 900. Wannan lissafi ne na masu jin Ingilishi, amma tazarar tana nan ga kowa.

Abin mamakin shi ne yadda Hausa take yi wa mai koyon Sifaniyanci rana fiye da yadda Ingilishi ke yi masa. Wasulan Sifaniyanci biyar ne, kuma yadda aka rubuta haka ake karantawa. Mai jin Ingilishi yakan sha fama kafin ya bambanta *pero*, wato amma, da *perro*, wato kare, alhali Bahaushe ya taso da "r" iri biyu a bakinsa. Ga jinsin kalmomi: mun saba cewa suna mai ƙarewa da "a" yawanci mace ne, riga, mota, hula. Haka *casa* da *mesa* suke. Kuma kamar yadda gida da ruwa da nama suka karya mana doka suka zama maza, haka *día* da *problema* suka karya tasu. Ko salon fi'ilin nan na buri da umarni da ke rikita masu Ingilishi, muna da irinsa. "Ina so ka zo" da *quiero que vengas* gini ɗaya ne. Inda za a yi gumi shi ne juye-juyen fi'ili, da kuma *ser* da *estar*, kalmomi biyu da suka raba zama na ɗabi'a da zama na wani hali ko wuri.

Jamusanci kuwa jinsi uku gare shi, *der*, *die*, *das*, kuma hankali ba ya fitar da su. Yarinya, *das Mädchen*, ba ta cikin maza ba ta cikin mata. Sai ka haddace kowane suna da rakiyarsa. Bayan haka rakiyar tana sauya kama gwargwadon aikin sunan a jimla, har hali huɗu. Wanda ya yi nahawun Larabci, ya san rafa'u da nasabu da jarru, ba zai firgita ba. A wasu jimlolin fi'ili yakan koma can ƙarshe, sai ka yi ta jira kafin ka san abin da aka aikata. Sai cunkoson baƙaƙe: mu da muka mayar da kalmar Turawa *bread* burodi don mu raba baƙaƙe biyu, ga *Herbst* da huɗu a jere. Abin da muke da shi na riba shi ne kunnen da ya saba da dogon wasali da gajere, don shi ne ya raba *Staat*, ƙasa, da *Stadt*, birni. A harsunan biyu duka sai an yi wa "p" da "f" horo na musamman.

Ta yaya baki zai saba in ba a zauna da masu harshen ba?

Nan ne raunin tsarin yake, kuma duk wanda ya ce babu shi talla yake yi. Karatu daga nesa yana gina karatu da rubutu da nahawu sosai, wani lokaci fiye da aji, saboda kowane kuskure malami yana rubuta maka shi. Amma zaman tattaunawa ta intanet na awa ɗaya ko biyu, jefi-jefi, ba ya sakin harshe. Sai ɗalibi ya ƙaro da kansa: abokin hira na kowane mako, rediyo a kunne, karanta shafi da ƙarfi kullum. Tashar Deutsche Welle, wadda masu sauraron Hausa suka sani tun 1963, tana da darussan Jamusanci kyauta da labarai da ake karantawa a hankali don 'yan koyo.

Me ya kawo al'adu cikin digirin harshe?

Domin sanin kalma daban, sanin inda za a ajiye ta daban. Jamusawa suna da *du* ga aboki da *Sie* ga wanda ake girmamawa, Sifaniyawa suna da *tú* da *usted*, kamar yadda muke ce wa dattijo "ku". Kuskure a nan ya fi kuskuren nahawu zafi.

Sannan darussan suna shiga tarihi. A ɓangaren Jamus akwai katangar Berlin da aka gina a 1961 ta faɗi a 1989, da haɗewar ƙasar a 1990. A ɓangaren Sifaniya akwai yaƙin basasa na 1936 zuwa 1939, da mulkin Franco har mutuwarsa a 1975, da taƙaddamar yankunan da ke da nasu harsuna kamar Kataloniya. Kuma Sifaniyanci ba na Sifaniya kaɗai ba ne. Harshen hukuma ne a ƙasashe 20, Meziko ce ta fi yawan masu jin sa, kuma a nan Afirka akwai Ikwatoriyal Gini.

Wani abu da yakan ba ɗalibi Bahaushe daɗi shi ne gadon Andalus. Daga 711 zuwa 1492 Musulmi sun yi mulki a sassan Sifaniya, Larabci ya bar dubban kalmomi. *Azúcar* da sukarinmu tushensu ɗaya. *Alcalde*, magajin gari, ɗan'uwan alƙali ne. *Ojalá*, da suke faɗa in suna fata, sunan Allah ne a ƙarshensa. Da Jamus ma akwai tsohuwar alaƙa: matafiyi Bajamushe Heinrich Barth ya shigo Kano a 1851 yana amsa sunan Abdulkarim, kuma Kamaru ta kasance ƙarƙashin Jamus daga 1884 zuwa 1916.

Digirin zai wadatar in ana son aiki ko karatu a Jamus?

Ba lallai ba. Ofisoshin biza da jami'o'i da hukumomin tantance sana'a sukan nemi takardar jarrabawar harshe da suka sani: ta Goethe-Institut, ko telc, ko TestDaF ga mai neman gurbin jami'a. Ga Sifaniyanci akwai DELE ta Instituto Cervantes. Ma'aikatan jinya, alal misali, yawanci B2 ake nema a wurinsu. Goethe-Institut tana da rassa a Legas da Akara da Yawunde.

Saboda haka in burin mutum tafiya ce, kwas da jarrabawa sun fi masa kusa da arha, shekara shida ɓata lokaci ne. Digiri na wanda yake son koyarwa ne, ko fassara, ko aikin jarida, ko diflomasiyya, ko digiri na biyu. Sifaniyanci yana cikin harsuna shida na Majalisar Ɗinkin Duniya, Jamusanci ba ya ciki, amma shi ne harshen uwa mafi yawan jama'a a Tarayyar Turai.

Babu jami'o'in Jamus da Sifaniya masu irin wannan tsari?

Akwai FernUniversität a Hagen, tun 1974, da UNED ta Sifaniya, tun 1972, wadda take da cibiyoyi a Malabo da Bata na Ikwatoriyal Gini. Sai dai da harshen ƙasarsu suke koyarwa, don haka sun dace da wanda ya riga ya iya.

Me ya kamata a bincika kafin a biya kuɗi?

Kuɗin da fam ake biya, kwas bayan kwas, kuma canji ba ya jiran ɗalibi. A tambayi jami'ar a rubuce ko kwasa-kwasan harsunan a buɗe suke ga mazaunin ƙasarka, da yadda ake jarrabawa. A tambayi ma'aikatar ilimi, wadda ke tantance takardun ƙetare, matsayin digirin da aka yi daga nesa. A kuma tanadi wuta da intanet mai ɗaukar hira kai tsaye, domin jarrabawar baki ba a yin ta da murya mai yankewa.