Ma'anar "labarin rikiɗa", da abin da ya sa jarumi mage ke raba kan masu karatu

Labarin rikiɗa shi ne ƙagaggen labarin da ɗaya daga cikin manyan taurarinsa yake da jiki biyu, na mutum da na dabba, ya fita wannan ya shiga wancan. In aka haɗa shi da soyayya, sai ka ga 'yar Adam ta kamu da son wanda da rana saurayi ne, da dare kuma damisa ko baƙin muzuru. Irin waɗannan littattafai sun daɗe suna ciniki a Amurka da Ingila, tare da 'yan uwansu na masu shan jini da na mutanen da ke komawa kyarkeci. Yanzu sun iso wayoyin 'yan mata a Sakkwato. Wasu da Turanci ake karanta su a manhajoji irin su Wattpad, wadda aka kafa a Kanada a 2006, wasu kuma marubutanmu na intanet ne suka ari salon suka zuba shi cikin Hausa. Masu karatu ba su tsaya kan suna ɗaya ba. Wannan ta ce littafin aljanu, waccan ta ce na almara, wata ta ce na rikiɗa. Na ƙarshen ya fi dacewa, domin ba duk mai rikiɗa ne aljani ba, kuma daga nan rigimar ta samo asali.

Kalmar kanta kullum muna jin ta. Mai karanta labarai a rediyo zai ce zanga-zanga ta rikiɗe ta zama tarzoma, a majalisa kuma a ce wane ya rikiɗe tun da ya samu muƙami. Ba kasafai Bahaushe ke cewa abu ya rikiɗe ba in alheri ya koma. Da wannan nauyin kalmar take shiga littafin soyayya.

A littattafan Turawa, mai rikiɗa jinsi ne. Haka aka haife shi, haka iyayensa suke, yana da dangi da shugaba da iyakar ƙasar da ba a tsallaka masa. Ba tsafi ya yi ba, ba wanda ya jefe shi. Yana jin yunwa, yana ciwo, yana mutuwa. Ginshiƙin soyayyar kuwa abu guda ne da littafi bayan littafi ke maimaitawa: kowane mai rikiɗa yana da abokiyar zama ɗaya tak da aka ƙaddara masa, da ƙanshin jikinta yake gane ta, kuma daga ranar ba ya sake ɗaga ido ya dubi wata. In an ce mage a can, yawanci manyan dangin ake nufi, damisa da zaki. Kyanwar gida ta fi fitowa a masu barkwanci.

Mu ba baƙin rikiɗa ba ne. Tsakanin 1911 da 1913 wani jami'in mulkin mallaka, Frank Edgar, ya buga tatsuniyoyin Hausa cikin juzu'i uku, kuma kaso mai yawa na abin da ke ciki da ajami aka rubuta shi a nan ƙasar Sakkwato, aka tara ta hannun Burdon, Razdan na lardin Sakkwato. Wanda ya saurari tatsuniya a bakin kakarsa ba ya ma bukatar littafi kafin ya tuna tatsuniyar ɓauna. Wani maharbi ya addabi garkensu, sai ɗaya ta rikiɗa ta zama budurwa son kowa, ta shigo gari, ɗan maharbin ya aure ta. Da dare tana yi masa hira mai daɗi, ta tambaye shi, in ɓauna ta taso maka a daji me kake zama? Ya ce kututture. Sai me? Ya ce suri. Sai me? Ya buɗe baki ya ce "zo…", uban da ke sauraro daga ɗakinsa ya daka masa tsawa, kalmar zobe ba ta ƙarasa fita ba. Da ta ja shi daji ta koma siffarta, ya zama kututture ta kai masa karo, ya zama suri ta tunkuye shi, sai abin da bai faɗa ba ne ya cece shi. Akwai kuma yarinyar da ta rantse ba ta auren mai tabo, maciji ya zo mata a saurayi sumul ba ko ƙwarzane, ta bi shi, ta ga abin da ta gani.

Dubi inda tatsuniyoyin nan suka dosa. Mai rikiɗa ya shigo gida ne da wata manufa, kyansa tarko ne, ranar da asirinsa ya tonu kuma ranar auren ya mutu. A littafin Bature kuwa ranar da yarinya ta ga saurayinta ya koma damisa, ranar soyayyar ke kafuwa, don ya nuna mata abin da ya ɓoye wa duniya. Mai karatu a Sakkwato tana riƙe da littafi na biyu, amma kunnenta da na farko ya tashi.

A wani gida da nake shiga a unguwar Mabera ta Sakkwato na taɓa jin wata budurwa tana ba kakarta labarin littafin da take karantawa, suna zaune kan tabarma bayan isha'i. Ta kai inda jarumin ya diro daga katanga a siffar kyanwa, tsohuwar ta yi a'uziyya.

"Kaka, ba aljani na ba, jinsinsu haka nan shike."

"Ke ɗiyag ga, abin da ka zama mussa da dare, mi as sunanai in ba aljani ba?"

Yarinyar ta yi dariya, amma ba ta da amsa, kuma tambayar tsohuwar ita ce tambayar da kowane marubucin Hausa zai amsa kafin ya kai shafi na goma.

Da kura aka yi jarumin, da ba wanda zai yi musu, kowa ya san matsayinta a tatsuniya. Mage ce ke da wuyar sha'ani, don fuska biyu gare ta a wurinmu tun kafin marubuta su taɓa ta. Addini ya mutunta ta. Sahabin da ya fi kowa ruwaito hadisi, Abu Huraira, da 'yar kyanwa aka yi masa alkunya. A Muwaɗɗa ta Imamu Malik an ruwaito cewa ita ba najasa ba ce, tana cikin masu kai-kawo a tsakaninmu, Bukhari da Muslim kuma sun kawo labarin matar da ta shiga wuta saboda ta kulle kyanwa har yunwa ta kashe ta. Duk da haka wasu malamai sun ambaci cewa aljani kan ɗauki siffar baƙin kare ko baƙar kyanwa, kuma a gidaje da yawa ba a dukan mage da dare. Kirarinta ma mai kwanciyar ɗaukar rai. Wanda ya taɓa fita tsakar gida cikin duhu ya haska tocila ya ga idanu biyu suna ci kamar garwashi a kan katanga, ko ya ji wannan kukan mai kama da na jariri da tsakar dare, ya san yadda gaba ke faɗuwa. Dukansu suna da bayani. Bayan idon mage akwai wani shimfiɗi da ke maido da haske, shi ke taimaka mata gani cikin duhu, kukan kuma na lokacin barbara ne. Sai dai da ƙarfe biyun dare ba kowa ke tuna bayani ba.

Masu son irin wannan littafi, in ka saurare su da kyau, ba farata ko gashi ne ya ja su ba. Zancen mace ɗaya tak ɗin nan ne. Yarinyar da ta karanta littattafan Hausa masu yawa ta ƙoshi da kishiya da uwar miji da sakin da ake yi cikin fushi. Sai ga namijin da halittarsa ma ba za ta bar shi ya ƙara aure ba, ba alkawari ya ɗauka ba balle ya saɓa. A ganina wannan ne sirrin kasuwar, kuma bai kamata a raina shi ba, don yana faɗin abin da masu karatun ke tsoro a rayuwa ta gaske. Akwai kuma daɗin ganin mai ƙarfin da kowa ke shakka ya zama kyanwar Lami a gaban mace guda.

Waɗanda abin bai kwanta musu ba kuwa suna da hujjar da ta fi ƙyamar aljanu ƙarfi. Suna cewa, in an ƙaddara ta tun farko, ina zaɓinta? Jarumin ya shaƙi ƙanshinta ya ce tawa ce, daga nan ya bi ta makaranta, ya bi ta kasuwa, ya yi wa duk namijin da ya gaishe ta gurnani, marubuci kuma ya kira wannan so. Sun fi tsananta wa wani fage da ake yawan maimaitawa. Yarinya ta tsinci kyanwa, ta kai ta ɗakinta, ta ɗora ta a cinya tana shafawa, ta faɗa mata sirrin da ba ta faɗa wa mahaifiyarta ba, ta canza kaya a gabanta, ta kwana da ita a gado. Bayan babi ashirin sai ta gane namiji ne baligi. Wasu masu karatu nan ne suke narkewa. Wasu kuma suna cewa wannan leƙe ne da cin amana, kuma wayo ne marubuci ya yi don ya shigar da saurayi ɗakin budurwa ba tare da an ce ya rubuta batsa ba. Ina tare da na biyun, sai fa in yarinyar ta yi fushin da ya dace da laifin, ba ta yafe a shafi na gaba ba.

Sai masu bin diddigi, waɗanda ba ruwansu da halal ko haram ɗin labari, dokarsa suke bincike. In ya rikiɗa ina rigarsa take zuwa, in ya dawo mutum a tsakiyar kasuwa da me zai rufe jikinsa? Kyanwar gida ba ta cika wuce kilo 4 ko 5 ba, ina sauran naman ƙaton saurayi ya tafi? Sukan kama marubuci da ba jarumin damisa ido mai tsaga, alhali zaki da damisa ƙwayar idonsu zagaye take, tsagar ta ƙananan maguna ce. Damisa kuma ita kaɗai take yawo, zaki ne kawai a dangin ke zaman garke, don haka "dangin damisa" mai sarki da fada ƙirƙira ce tsagwaronta. Mace ɗaya har abada ma ba halin kowace irin mage ba ne, muzurun unguwa shaida ne. Ba laifi a ƙirƙira, amma wanda ya kafa doka a babi na uku ya karya ta a na talatin don ya kuɓutar da jaruminsa, waɗannan ba za su ƙyale shi ba.

Babban cikas ɗin dai na nan gida ne. A Sakkwato, a ce wani abu da ba mutum ba yana son yarinya, yana zuwa mata da dare, yana korar masu neman aurenta, wannan ba labarin soyayya ba ne. Sunansa namijin dare ko aljanin soyayya, kuma wurin mai ruƙiyya ake kai ta. Duk abin da littafin Bature ya jera a matsayin alamar so, kishi da bibiya da shigowa ɗaki ba sallama, su ne alamomin da iyaye ke lissafa wa malami. Malamai kuma sun daɗe da tattauna auren mutum da aljan. Badaruddin Shibli, malamin ƙarni na 14, ya ware wa hukunce-hukuncen aljanu littafi sukutum, kuma an ruwaito cewa mutanen Yaman sun rubuto wa Imamu Malik suna tambaya kan aljanin da ke neman auren wata yarinyarsu. Ya ce yana ƙin abin, don kada a ga mace da ciki a tambaye ta mijinta ta ce aljani ne, ɓarna ta yawaita. Waɗanda suka hana kai tsaye sukan kafa hujja da aya ta 72 a Suratun Nahli, inda Allah Ya ce Ya sanya muku matan aure daga jinsinku. Mai karatun da ta yi Islamiyya za ta tambayi waye waliyyinsa, wa zai yi shaida, 'ya'yan kuma me za su zama.

Shi ya sa marubucin Hausa da ya ɗauko wannan salo yake neman mafita. Wani ya mai da jarumin aljani Musulmi mai salla da azumi, ya bar masu karatu su yi ta gardamar fiƙihu. Wani ya kwashe labarin gaba ɗaya ya kai shi wata ƙasa da babu ita, a wani zamani kafin zuwan addini, inda ba mai tambayar sadaki. Wannan ta fi sauƙi, sai dai labarin kan rasa ƙamshin gida, sunayen ma su koma wasu iri. Hanyar da ta fi kwanta wa iyaye ita ce a ce jarumin mutum ne ɗan mutane, kishiyar uwarsa ce ta yi masa sihiri tun yana goye, shi ya sa yake komawa muzuru. Yarinyar ta tsaya masa da addu'a, a samu malami na gari, a tono layar da aka binne, sihiri ya karye, a ɗaura aure lafiya lau. Ba mai cewa an saɓa wa shari'a. Amma masu karatun da suka biya kuɗin littafi saboda magen su ne ke fita da ƙorafi, don a babin ƙarshe an raba su da ita, an miƙa wa jarumar namiji irin na kowa, wanda ba abin da zai hana shi ƙaro ta biyu bayan shekara uku.