Zurfin ɗakin gaba na ido

Ɗakin gaba na ido shi ne sararin da ke tsakanin koniya, wato fatar nan garai-garai da ta rufe baƙin ido, da madubin da ke bayan ɗan ido. Cike yake da ruwa. Ana auna zurfinsa kafin a yi wa babba aikin yanar ido, tare da tsawon ido daga gaba zuwa baya da kuma lanƙwasar koniya, don a lissafa ƙarfin madubin roba da za a dasa a madadin na halitta.

Adadi

A idon babba zurfin yakan kai wajen milimita 3, tsawon ido milimita 23 zuwa 24, ƙarfin koniya, wato yadda take lanƙwasa haske, diyofta 43 zuwa 44 (diyofta ma'aunin ƙarfin tabarau ne). Wasu na'urori daga wajen koniya suke fara awo, wasu daga cikinta, bambancin kuwa kusan rabin milimita ne, don haka ba a kwatanta sakamakon na'urori biyu kai tsaye. Ɗakin yana ƙuntata da shekaru, saboda madubin ido yana ƙara kauri har tsufa. Na mata ya ɗan fi na maza ƙunci, na gajeren ido ma ya fi na dogo ƙunci.

Tarihi

Harold Ridley ne ya fara dasa madubin roba a idon mutum, a asibitin St Thomas da ke Landan. An fi ambaton Nuwamban 1949, ko da yake wasu na cewa sai a Fabrairun 1950 aka saka madubin ya zauna. Babu ingantacciyar hanyar lissafin ƙarfin madubi a lokacin, matar da aka yi wa aikin kuwa ta fito ba ta gani daga nesa sai da tabarau mai kauri. A 1956 Mundt da Hughes suka gwada amon sauti a ido, a 1967 Fyodorov na Rasha ya fito da lissafin ƙarfin madubi. Wanda ya fi yaɗuwa a zamaninsa shi ne SRK na wajen 1980, mai sunayen Sanders da Retzlaff da Kraff: a ɗauki lambar da kamfani ya buga a kwalin madubi, a cire tsawon ido sau 2.5, a cire ƙarfin koniya sau 0.9. Idan lambar 118 ce, tsawon 23.5, koniya 43.5, za a samu 20.1, sai a ɗauko madubi mai diyofta 20. SRK bai kula da zurfin ɗakin gaba ba, shi ya sa yake kuskure a gajeren ido da dogo. Lissafin Haigis ya shigar da shi don hasashen inda madubin zai zauna. A 1999 kamfanin Zeiss ya fito da na'urar IOLMaster, mai awo da haske ba tare da taɓa ido ba.

Yadda ake awo

Hasken na'ura ba ya ratsa yanar da ta nuna ta yi fari fat, kuma da irinta da dama ke isowa asibitocin Yamai da Tawa. Nan sai eko, wato awo da amon sauti. Koniya ake fara aunawa, kafin wani abu ya taɓa ta. Sannan a ɗiga maganin kashe zafi, majinyaci ya tsayar da ido wuri ɗaya, a ɗora bakin sandar eko a tsakiyar koniya, a ɗauki awo 5 zuwa 10 da ba su bambanta da fiye da milimita 0.1 ba. In idanu biyu suka bambanta da fiye da 0.3, a sake.

Babban kuskure shi ne danna sanda. Koniya takan lotsa, zurfin ɗaki da tsawon ido su ragu da milimita 0.1 zuwa 0.3, lissafi ya ba da madubin da ya yi ƙarfi, mutum ya warke yana gani kusa, nesa kuwa dishi-dishi. Awo ta cikin ɗan kofin ruwa da ake kifawa a kan ido ya fi inganci, don sanda ba ta taɓa koniya.

Inda babu na'ura, a haska tocila daga gefen kunne. In inuwa ta rufe ɓangaren baƙin ido da ke wajen hanci, ɗakin ya yi ƙunci.

Amfani ga likita

Ƙasa da milimita 2.5 ana ɗaukar ɗakin a matsayin ƙuntatacce. Wurin aiki ya ragu, kayan aiki na iya gogar bayan koniya ta yi hazo, baƙin ido kuma ya riƙa leƙowa ta bakin yanka. Yanar da ta kumbura takan turo baƙin ido gaba ta toshe magudanar ruwa, matsin ido ya hau farat ɗaya da ciwon kai da amai, wannan kuwa ba ya jiran gobe. Ɗaki mai zurfi ƙwarai da baƙin ido mai rawa alama ce madubi ya goce, kamar yadda ake gani a idon da masu aikin gargajiya suka tura wa yana ciki da tsinke.

Bayan aiki ɗakin yakan ƙara zurfi, domin madubin roba bai kai na halitta kauri ba.