Waiwaye: Yadda Labarin Sarki Arthur da Baradensa Ya Koma Hannun Matasa

Har gobe marubuta a Ingila da Amurka ba su gaji da sake ba matasa labarin Sarki Arthur da baradensa ba, alhali tun asali ba don yara aka rubuta shi ba. Labari ne na manya, cike da cin amana da ɗaukar fansa, kuma duk wanda ya zo sassauta shi sai ya yanke shawarar abin da zai bari da abin da zai cire.

Wani littafin tarihin Birtaniya da aka rubuta da Latin wajen shekarar 830 ya ambaci Arthur a matsayin jagoran yaƙi da ya ci nasara sau 12. Wajen 1138 Geoffrey na Monmouth ya mai da shi cikakken sarki da aka naɗa yana ɗan shekara 15, ya kuma kawo boka Merlin. Mawaƙi Wace ya ƙara zagayayyen teburi a 1155, teburin da ba shi da kai balle wani barde ya ce ya fi wani. Bafaranshe Chrétien de Troyes shi ya shigo da soyayyar barde Lancelot da sarauniya Guinevere, matar Arthur. Daga baya Thomas Malory ya tattara labaran da Turanci yana tsare a kurkuku, William Caxton ya buga su a 1485 da sunan Le Morte d'Arthur, kashi 21, babi 507. Wannan ne rumbun da kusan kowa ke ɗiba.

Malamai ba su yi maraba da shi ba. A littafinsa na 1570, Roger Ascham, wanda ya koyar da Sarauniya Elizabeth ta Ɗaya, ya ce ba abin da ke ciki sai kisan kai a fili da batsa. Daga 1634 ba a sake buga shi ba sai 1816.

Da Turawan ƙarni na 19 suka dawo kansa, tarbiyyar samari suke nema. James Knowles ya fitar da na yara a 1862, Sidney Lanier ya fitar da The Boy's King Arthur a Amurka a 1880, Howard Pyle ya biyo da littattafai huɗu tsakanin 1903 da 1910. Abin da ya ja su shi ne rantsuwar da baradan ke sabuntawa kowace shekara: ba kisan gilla, ba cin amana, a yi afuwa ga wanda ya roƙa, a taimaki mata, kada a shiga faɗa kan zalunci. Baden-Powell, wanda ya kafa ƙungiyar sikawut, shi ma ya sa darasin halin barade a littafin 'yan sikawut na 1908.

Sai dai a nan gizo ke saƙa. A wurin Malory, abubuwa uku ne suka rusa masarautar, kuma a ɗaure suke da juna. Arthur ya haifi Mordred da 'yar'uwarsa ba tare da ya san dangantakarsu ba. Da Merlin ya gargaɗe shi cewa wanda zai hallaka shi ranar 1 ga Mayu za a haife shi, sai ya sa aka tara jariran da aka haifa ranar 1 ga Mayu aka tura su teku a jirgi, jirgin ya tarwatse, Mordred ya tsira. Na uku, da asirin Lancelot da sarauniya ya tonu aka yanke mata hukuncin ƙonewa, garin ceto ta Lancelot ya kashe Gareth da Gaheris, barade 'ya'yan 'yar'uwar Arthur, ba makami a hannunsu. Wansu Gawain ya ce sai ya rama, Arthur ya bi Lancelot Faransa da yaƙi, Mordred ya haye karaga.

Masu sassautawa sun cire na farko da na biyu, suka mai da na uku soyayya ta baka kawai. Mai da Mordred ɗan 'yar'uwa kurum ba laifi ba ne, domin haka yake a wurin Geoffrey. Ɓarnar tana zuwa ne idan an wanke kowa tas. Mordred sai ya zama mugu ba dalili, a ɗora wa sarauniya hukunci kan laifin da mai karatu bai gani ba, Arthur kuma ya mutu ba tare da hannunsa a cikin abin da ya same shi ba. Yaro ɗan shekara 14 yana gane irin wannan giɓi, ko bai iya faɗin sunansa ba.

T. H. White ne ya bi ta wata ƙofa. A The Sword in the Stone na 1938 ya tsaya kan ƙuruciyar Arthur, shekarun da Malory ya tsallake, inda Merlin ke rikiɗa yaron ya zama kifi ko shaho don ya ga yadda mulki ke aiki. A bugun 1958, bayan Yaƙin Duniya na Biyu, darasin tururuwa da na dinyar daji suka shigo, masu nuna wautar yaƙi. Bai ɓoye laifin Arthur ba. Rosemary Sutcliff ma, a littattafanta uku na 1979 zuwa 1981, ta amince cewa matashi zai iya ɗaukar baƙin ciki in an faɗa masa da mutunci. A ganina su biyun nan ne suka ceto labarin daga zama wa'azi.

Tsarin horon barde shi kansa ya dace da shekarun masu karatun. Ɗan babban gida kan tafi hidima gidan wani basarake yana shekara 7, a 14 ya zama mai riƙe wa barde garkuwa da kula da doki, wajen 21 a ɗaura masa takobi. Shi ya sa labarin Gareth ke da farin jini: ɗan sarki ne da ya ɓoye asalinsa ya yi shekara guda a madafa, ana yi masa ba'a.

Akwai kurakurai da ke yawan maimaituwa. Ana haɗa takubba biyu su zama ɗaya, alhali a yadda Malory ya jero labarin, wanda Arthur ya zare daga cikin dutse ya zama sarki daban, wanda aka miƙo daga tafki bayan na hannunsa ya karye daban. Ana kuma mantawa da kuben, wanda Merlin ya ce ya fi takobin daraja sau goma, domin jinin mai ɗauke da shi ba ya zuba ko an ji masa rauni. In ba a nuna yadda Morgan le Fay, matsafiya 'yar'uwar Arthur, ta sace shi ba, raunin da ya kashe Arthur ya rasa shimfiɗa. Sai batun zamani. Marubucin da ya ajiye Arthur a ƙarni na 5 ko na 6 ba zai sa masa rigar farantan ƙarfe mai kilo 20 zuwa 25 ba, wannan kayan ƙarni na 15 ne. Sulke da kwalkwali ne nasa, kuma sirdinsa ba likkafa.

Daga shekarar 2000 tambayar ta koma kan wa ke ba da labarin. Philip Reeve, a Here Lies Arthur na 2007 wanda ya ci lambar yabon littattafan yara ta Carnegie a 2008, ya ba wata yarinya baiwa mai suna Gwyna bakin magana. Arthur ɗinsa shugaban 'yan hari ne, bokan kuma maroƙi ne mai ƙera masa suna, har yarinyar ce ya sa ta nutse a ruwa ta miƙo takobin. A Legendborn na 2020, Tracy Deonn ta kai labarin Jami'ar North Carolina, inda Bree Matthews, baƙar fata 'yar shekara 16, ta tarar da ƙungiyar asiri ta jikokin baradan. Littafin ya tono abin da tsofaffin suka ɗauka a matsayin gaskiyar da ba a tambaya, wato gadon jini, ya haɗa shi da tarihin bauta a kudancin Amurka.

Masu cewa wannan baƙon abu ne sun manta Malory da kansa yana da Palomides, barden da ya fito daga ƙasashen Musulmi, wata waƙar Holan ta tsakiyar zamani kuma tana da Moriaen, baƙin barde da ya zo Birtaniya neman mahaifinsa.