"Ya kamu": me ake nufi da wannan kalmar a maganar ƙwaya?

Shekaranjiya bayan isha'i wata gwaggona ta kira ni daga Kurna muryarta na rawa, wai an ce mata autanta ya kamu. Ta ce "ɗan nan, ni fahimtar da ni, kamuwar nan mece ce? Ba zai iya ajiyewa kawai ya ce ya tuba ba?" Na ce Gwaggo ki yi haƙuri ki nutsu, maganar tana da ɗan tsawo. Abinda na faɗa mata shi nake so in rubuta anan, don wallahi a Kano yanzu da wuya ka samu layin da ba a wannan tambayar a wani gida.

Mutane suna haɗa caji da kamu, alhali ba ɗaya bane. Caji shine abinda mutum yake ji lokacin da abin yake aiki a jikinsa, shi ake cewa ya bugu, ya yi mankas, ko ta gaya masa ƙarya, bayan wasu awanni ta sake shi. Kamu kuwa sai ta sake shin ma ake ganinsa. Wanda ya kamu shine wanda in bai sha ba jikinsa baya zama daidai, yana so ya bari ya kasa, yana kallon abin yana cinye masa kuɗi da mutunci da karatu amma gari na wayewa ƙafarsa ta kai shi wajen mai sayarwa.

Toh ya akai haka take faruwa? A ƙwaƙwalwa akwai wani sinadari da likitoci ke kira dofamin, shi ke motsawa in ka ci abinci mai daɗi ko ka samu ciniki ko ka ga wanda kake so, kaɗan kaɗan yake fita. Ƙwaya sai ta zo ta buɗe famfon gaba ɗaya. In ana maimaitawa ƙwaƙwalwa sai ta fara kare kanta, ta rage jin abin, kamar dai wanda ya saba da cokali biyar na sukari a shayi, ranar da mai shayi ya sa masa biyu lami zai ji. Shi yasa wanda ya fara da kwalba ɗaya ta kodin zaka ga ya koma uku ko huɗu, kuma ba wai daɗin ne ya ƙaru ba, na farkon yake nema ya kasa samu. Abin tausayin ma sauran abubuwan rayuwa suma sun zama lami, hira da abinci da ƙwallo da zaman majalisa duk babu ɗanɗano.

Sai kuma ciwon rashi, wanda shi ne iyaye basu fiya sani ba. Kodin da tramol dangin mofin ne, wato wani maganin kashe zafin ciwo mai ƙarfi da ake bayarwa a asibiti, kodin ma in ya shiga jiki hanta ce ke juya wani ɓangarensa ya zama mofin. Wanda jikinsa ya saba da su in ya tsaya, cikin yini ɗaya zai fara hamma ba ƙaƙƙautawa, hawaye da majina, zufa ga kuma jin sanyi, ciwon gaɓoɓi kamar an yi masa dukan kawo wuƙa, gudawa, amai, barci ya ƙaurace. Yafi tsanani a kwana na biyu zuwa na uku, wajen sati guda sai ya fara lafawa. Kuma ya san sarai in ya sha ɗaya duk wannan azabar zata tafi nan take. Ki duba fa Gwaggo, nace mata, wannan shine abinda yake yaƙi da shi a ɗaki shi kaɗai ku kuna waje kuna cewa taurin kai ne.

Ba duka ƙwayoyin ne aikinsu ɗaya ba. Rochi da diyazafam kwantar da ƙwaƙwalwa suke yi, su ne masu sa nauyin baki da layi da mantuwa, kuma su nasu ciwon rashin ya fi haɗari, wanda ya daɗe a kansu in ya yanke lokaci ɗaya zai iya faɗuwa yana jijjiga, shi yasa likita a hankali yake ragewa. Tramol a asibiti 50 ko 100 ake bayarwa, kuma ba a wuce 400 a yini, amma na bayan fage akwai 200 da 225, wani ya watsa uku huɗu a baki wai don ƙarfin aiki, dako ko gini ko tuƙi tun asuba har dare, sai ka ji an ce wane ya faɗi kamar mai farfaɗiya alhali ba shi da ita. Wiwi da zaƙami su tunani suke juyawa, wasu har su fara jin muryoyi da zargin kowa. Sholisho kam ƙwaƙwalwar kanta yake ci.

Kuma don Allah a daina ɗauka maganar 'yan daba ce kawai. Binciken da hukumar UNODC ta Majalisar Ɗinkin Duniya, mai yaƙi da ƙwaya da laifuka, ta yi da gwamnatin Najeriya a 2018 ya nuna mutum miliyan 14.3 ne suka yi ta'ammali da ƙwaya a ƙasar nan cikin shekara guda, kuma duk mutum huɗu ɗaya mace ce. Matan aure, 'yan mata, ɗalibai. A shekarar ne ma gwamnatin tarayya ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin bayan binciken da BBC ta yi kan yadda ake shan sa, ya yi tsada ya koma ɓoye, amma wadda ta riga ta kamu hanawa bata cire mata ciwon ba, wata sai ta koma kan wani abin.

Ni ba cewa nake babu laifin mai sha ba. Ranar farko da hannunsa ya karɓa, kuma haramun ne, kowa ya sani. Amma in an kai matakin kamu, duka da gori da tsinuwa basa gyara abinda ya canza a ƙwaƙwalwa, raina yana ɓaci in naji uba yana cewa na sallama shi. Haka maganar gidan mari, mun ga abinda aka bankaɗo a 2019 a Kaduna da Katsina da sauran wurare, mutane ɗaure da sarƙa jikinsu duk tabo. Mari yana hana ƙafa tafiya, baya taɓa dalilin da ya kai yaro ga sha, ko zaman banza ne ko baƙin cikin gida ko wata damuwa da ya kasa faɗa wa kowa.

Magani yana nan kuma a garin nan. Akwai asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau, akwai sashen masu kula da lafiyar ƙwaƙwalwa a asibitin Malam Aminu Kano, hukumar yaƙi da ƙwaya ta NDLEA ma ba kama mutane kawai take yi ba tana da masu ba da shawara. Na san sunan Dawanau kaɗai yana tsorata mutane, kar a ce ɗan wane ya haukace, to zuwa can ba hauka bane. Farko a taimaka masa ya wuce kwanakin ciwon rashi da magani, wannan shine mai sauƙin, mai wuyar shine watannin da ke biyo baya, zama da mai ba da shawara, canza abokai, samun abin yi, da gidan da zai karɓe shi. Addu'a da nasihar malamai su tafi tare da wannan, babu wanda ya hana wani.

Wani abu da nake so kowa ya riƙe, in mutum ya bari na wasu makonni jikinsa ya manta sabon da ya yi, in ya zame ya koma ya sha adadin da ya saba sha a da, wannan adadin zai iya tsayar masa da numfashi, musamman in ya haɗa kodin ko tramol da rochi. In kun samu mutum baya farkawa, numfashinsa sama sama ko yana wani irin minshari, baƙin idonsa ya ƙanƙance kamar kan allura, kar a ɗura masa madara ko manja, zai iya shaƙewa. A kwantar da shi ta gefe a nemi adaidaita a yi asibiti da shi, akwai allurar naloksun da ke karya aikin dangin mofin in an kai da wuri, kuma a faɗa wa likita gaskiyar abinda ya sha.

Gwaggo ta yi shiru can ta ce "to babansa fa, ya rantse gobe zai kai shi a ɗaure." Na ce ki ce Baba ya jira ni, da safe zan shigo in gaishe shi mu zauna, in ya yarda ni zan raka yaron asibiti ranar Litinin.